Ranar da Ruwa Ya Ci Ofishin 'Yan Sanda: Lacca Kan Ɗaukin da Rundunoni Ke Kai wa Juna

 

Da safiyar Litinin, 29 ga Agusta, 2005, mahaukaciyar guguwar nan da aka raɗa wa suna Katrina ta afka wa gaɓar tekun kudancin Amurka. Birnin New Orleans na jihar Louisiana a kwari yake kwance, wasu unguwanninsa ma teku ya fi su tudu, ganuwoyi da katangu ne kawai ke tare masa ruwa. Ganuwoyin suka ɓalle a wurare da dama. Kafin a kwana biyu ruwa ya shafe kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin, kuma mutum fiye da 1,300 suka rasa rayukansu a jihohin da abin ya taɓa.

Rundunar 'yan sandan birnin tana da jami'ai wajen 1,700 a lokacin. Ruwa ya shiga hedikwatarta, ya shiga ofisoshin yankuna da yawa, ya nutsar da motocin sintiri da ɗakin ajiye kayan shaida. Babban injin da ke riƙe da oba-obansu yana saman wani dogon bene a tsakiyar gari. Iska ta kwaso tarkace ta lalata janaretan da ke ba shi wuta, layi ya ɗauke. Manyan jami'ai suka koma ba da umarni daga ƙofar wani gidan caca mai suna Harrah's, don nan ne suka sami busasshen wuri. Kurata da yawa gidajensu na ƙarƙashin ruwa, ba su san halin da matansu da 'ya'yansu ke ciki ba. Daga baya an binciki kusan 250 kan barin bakin aiki, an kori wasunsu, biyu kuma suka kashe kansu a cikin wannan mako. Gidan yarin gundumar birnin shi ma ya cika da ruwa, har sai da aka mayar da tashar motoci da jiragen ƙasa ta birnin wurin tsare waɗanda aka kama.

Bala'in da ya ci gari yakan haɗa da masu tsaron garin ya cinye. Duk tsarin da aka gina bisa zaton cewa ofishin 'yan sanda zai tsira, wuta za ta tsaya, waya za ta shiga, kuma kowane kurtu zai fito aiki, a daren farko yake rushewa. Dole ɗauki ya zo daga waje. To, a nan ake karo da matsalar da wannan lacca ta dosa: ɗan sanda da ikon doka yake aiki, ikon nan kuwa yana da iyaka a ƙasa. Ruwa da wuta da tarzoma ba ruwansu da wannan iyaka.

A Amurka abin ya fi tsanani, domin ƙasar ba ta da rundunar 'yan sanda guda. Hukumomin tsaro na doka sun kai kimanin 18,000. Kusan kowane birni da tasa, kusan kowace gunduma da sherif ɗinta wanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a, kowace jiha da tata rundunar, jami'o'i da tashoshin jiragen ruwa su ma da nasu, ga kuma na tarayya irin su FBI. Mafi yawansu ƙanana ne ƙwarai. Ɗan sandan Texas da ya taka ƙasar Louisiana, in ba a yi wani tanadi ba, kakinsa da bindigarsa ba su ba shi ikon kama ko ɓarawon kaza ba.

Abin da ya faru a kan gadar da ta ratsa kogin Mississippi daga New Orleans zuwa garin Gretna ya nuna inda wannan rarrabuwa ke kai mutane. Tsallaken kogin bai nutse ba. Kwana uku bayan guguwar, mutanen da suka galabaita da yunwa da ƙishirwa, tsofaffi da masu goyo, suka kama hanyar gadar a ƙafa. Suka tarar da 'yan sandan Gretna da jami'an sherif na gundumar Jefferson da masu gadin gadar sun tsare hanya. Aka harba bindiga sama, aka ce su koma. Hukumomin Gretna sun kare kansu da cewa garinsu ƙarami ne, ba su da ruwa ko abinci, sun riga sun kwashe mutane da yawa a motocin safa, an kuma cinna wa wata babbar kasuwar zamani da ke kusa wuta. Waɗanda aka mayar, akasarinsu baƙar fata, sun ce launin fatarsu aka duba.

Ko da an karɓi kowace hujja ta Gretna, wani abu ya rage wanda ba shi da kariya. Wasu daga cikin waɗanda suka doshi gadar sun ce 'yan sandan New Orleans ne suka nuna musu hanyar, cewa akwai motoci a tsallake. Runduna ɗaya ta tura mutane gaba, ta biyu ta kora su baya, tsakaninsu faɗin kogi kawai, kuma babu wani mutum ɗaya da ke da ikon ce wa duka biyun ga abin da za a yi. Kowane shugaba ya tsaya kan amanar garinsa, talakan da ke tsakiyar gada ya rasa mai shi.

Ba wai Amurka ba ta da tanadi ba ne. Tanadin ya samo asali daga wata guguwar, mai suna Andrew, wadda ta ragargaza kudancin Florida a 1992. Gwamnan jihar na lokacin, Lawton Chiles, ya ga yadda agajin tarayya ya yi jinkiri, maƙwabta kuma suna son taimakawa amma babu doka da ta share musu hanya. Ya kai maganar gaban ƙungiyar gwamnonin kudu, suka rattaba hannu kan yarjejeniyar taimakon juna a 1993. Aka buɗe ta ga kowace jiha, majalisar dokokin ƙasar kuma ta amince da ita a 1996. Ita ce ake kira EMAC a taƙaice, kuma yau duk jihohi 50 na ciki.

Ya kamata a tsaya a duba cikin wannan yarjejeniya, domin ƙarfinta yana cikin ƙananan abubuwan da ba sa jan hankalin kowa sai ranar da aka rasa su. Ba ta motsi sai gwamnan jihar da abin ya afka wa ya ayyana dokar ta-ɓaci, sannan ya nemi taimako. Babu jihar da ake tilasta wa bayarwa; wadda ta ga jama'arta za su zauna babu kariya tana da ikon riƙe mutanenta. In an daidaita, sai a cike takarda da ke faɗin mutum nawa, da wane kaya, na kwana nawa, a kan nawa, wakilan jihohin biyu su sa hannu. Jihar da ta nema ita ke biyan kuɗin daga baya. Lasisin likita ko na direban babbar mota da aka bayar a wata jiha yana aiki a jihar da aka je. In baƙon jami'i ya yi kuskure a bakin aiki da kyakkyawar niyya, ana ɗaukarsa tamkar ma'aikacin jihar da ta kira shi wajen shari'a. In kuwa ya ji rauni ko ya rasu, jiharsa ta asali ce ke biyan diyya ga iyalinsa, kamar a gida abin ya same shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga saje mai mata da 'ya'ya huɗu da aka ce ya shiga mota zuwa garin da bai taɓa gani ba.

Batun shugabanci ma an warware shi da hikima. Baƙin suna nan ƙarƙashin manyansu da suka zo tare, su ke ladabtar da su, su ke kula da su. Amma mai gida ne ke faɗin inda za a tura su da aikin da za su yi.

Abu ɗaya yarjejeniyar ta ware a fili: ikon kama mutum. Baƙon jami'i yana samun duk iko da kariyar da takwaransa na gida ke da su, ban da na kamu, sai in jihar da ta karɓe shi ta ba shi da kanta. Gwamnoni ba su yarda su saki wannan iko kai tsaye ba, kuma suna da dalili, domin hana ɗan ƙasa 'yancinsa shi ne mafi nauyin abin da hukuma ke yi. Sai dai a Louisiana wannan ya zama ƙarin layi a lokacin da babu sarari. Jami'ai sun tuƙo mota daga nesa, sai an tantance su an rantsar da su kafin su fita titi. Jami'an tarayya ma sai da jihar ta ara musu iko kafin su aiwatar da dokokinta. Bayan rantsuwar kuma ga wata: baƙo bai san dokokin Louisiana ba, bai san unguwanni ba, allunan sunayen tituna sun tafi da iska.

Duk da haka, ɗaukin da ya zo ta wannan hanya ba a taɓa ganin irinsa ba. Tsakanin Katrina da guguwar Rita da ta biyo bayanta cikin wata guda, an tura mutum kusan 66,000 ƙarƙashin EMAC, mafi yawansu dakarun tsaron jihohi, fiye da 6,000 kuma 'yan sanda da jami'an sherif. Matsalar ita ce lokaci. Shugabannin 'yan sandan ƙananan hukumomi da yawa ba su san yadda ake neman taimako ta yarjejeniyar ba, ofishin da ke karɓar takardu a Louisiana kuma aiki ya fi ƙarfinsa. Kwanakin farko, waɗanda a cikinsu ake ceton rai ko a rasa shi, sun wuce ana neman wanda zai sa hannu.

A jihar Mississippi, maƙwabciya, labarin ya ɗan bambanta, alhali ɓarnar da aka yi a gaɓarta ba ta misaltuwa. A garin Waveland ruwa ya cinye ofishin 'yan sanda da motocinsu, jami'an suka tsira da rai ta hanyar rungume wata 'yar bishiya a bakin ofis na tsawon sa'o'i. Amma Florida ta riga ta shirya. Guguwa huɗu ta sha a 2004 kaɗai, mutanenta sun goge, kuma ta tara ayari a yammacin jihar bisa tsammanin Katrina za ta faɗo mata. Da guguwar ta karkata, ayarin ya miƙe zuwa gundumomin kudancin Mississippi tun a farkon lamarin, ɗauke da mansa da abincinsa da ruwansa da na'urorin sadarwarsa. Ba su zama nauyi ga kowa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma bambancin jihohin nan biyu a makon farko ya tabbatar da maganar.

Akwai kuma waɗanda suka zo ba a kira su ba. Mutanen kirki ne, sun ga hotuna a talabijin zuciyarsu ta kasa daurewa, suka cika motoci suka kamo hanya. Sai dai wanda ya zo haka babu sunansa a kowace takarda. Ba a san inda yake ba, ba a tanadar masa wurin kwana ko mai ba, ba shi da ikon kamu, in ya harbi wani ko aka harbe shi babu mai ɗaukar alhakin. Dole a cire wani daga aikin ceto ya kula da shi. Masu wannan sana'a a yau suna jaddada wa jami'ansu cewa kada kowa ya tashi sai an kira shi, kuma wannan horo ya fi wuya ga jarumi fiye da rago.

Sai batun magana. A ranar 11 ga Satumba, 2001, jiragen 'yan sandan New York masu saukar ungulu da ke shawagi a kan dogayen benayen nan biyu da aka kai wa hari sun hango alamun bene na arewa na shirin rushewa, suka sanar ta oba-obansu. 'Yan sanda suka ji. 'Yan kwana-kwana suna kan wani layin daban, shugabannin ɓangarorin biyu kuma ba a wuri ɗaya suka kafa sansani ba. 'Yan kwana-kwana 343 suka rasu a ranar, da 'yan sandan birnin 23, da 'yan sandan hukumar tashoshi 37. A wannan safiya dai an kai hari ma'aikatar tsaro ta Pentagon, a gundumar Arlington, inda hukumomi da dama suka haɗu suka yi aiki cikin tsari. Sun riga sun sha darasi mai ɗaci tun Janairun 1982, lokacin da wani jirgin fasinja ya daki gada ya faɗa kogin Potomac, masu ceto daga Washington da Virginia suka kasa jin juna. Shekaru kusan 20 suka yi suna haɗa layukansu, suna atisaye tare, har shugabannin suka san juna da suna.

Ko layi ya haɗu, harshe na iya raba mutane. 'Yan sandan Amurka sun saba magana da lambobi, irin su 10-4 da 10-50, amma ma'anar lamba a wannan gari ba lallai ta zama ita ce a gari na gaba ba. Lambar da ke nufin haɗarin mota a nan tana iya nufin wani abu daban a can. Bayan Katrina gwamnatin tarayya ta matsa cewa duk aikin da ya haɗa hukumomi fiye da ɗaya a yi shi da magana a fili, wadda kowa ke ganewa. A 2012 kuma majalisa ta kafa FirstNet, hanyar sadarwa ta musamman ga masu aikin gaggawa a faɗin ƙasar.

Rashin sadarwa yana haifar da jita-jita, kuma jita-jita ta yi kisa a New Orleans. Aka yi ta yaɗa cewa ana yanka mutane ana yi wa yara fyaɗe a filin wasa na Superdome, inda dubban mutane suka fake. Magajin gari Ray Nagin da shugaban 'yan sanda Eddie Compass da kansu suka maimaita irin waɗannan labarai a talabijin, bincike kuma ya nuna daga baya an zuzuta yawancinsu. Amma tsoro ya riga ya shiga. Direbobin agaji suka ƙi shiga gari sai da rakiya. A ranar 4 ga Satumba, a gadar Danziger, 'yan sandan birnin da suka amsa kiran cewa ana harbin jami'ai suka buɗe wuta kan mutanen da ba su ɗauke da makami, suka kashe biyu, suka raunata huɗu, sannan aka yi ƙoƙarin rufe maganar. Shari'ar ta kai har 2016 kafin jami'ai biyar su amsa laifi. Runduna da ta kwana shida ba barci, ba labari tabbatacce, ba mai canjinta, haɗari ce ga jama'ar da take tsaro. Wannan kaɗai ya isa dalilin gaggauta kawo mata ɗauki.

Tsarin jagorancin da Amurka ke bi a yau daga masu kashe gobarar daji aka aro shi. A 1970 wuta ta yi kwana 13 tana ci a California, ta kashe mutum 16, ta ƙone gine-gine wajen 700. Da aka zauna bita, aka gano kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Kowace hukuma ce ke da nata sunayen muƙamai da nata tsarin. Daga nan aka fito da tsari guda: duk wanda ya iso ya san wa zai kai wa rahoto, kowane mutum shugaba ɗaya gare shi, kowane shugaba kuma kada waɗanda ke ƙarƙashinsa kai tsaye su wuce bakwai, biyar ya fi. In abin ya shafi hukumomi da yawa, shugabanninsu su zauna a ɗaki ɗaya su fitar da manufa ɗaya. An mayar da shi tsarin ƙasa a 2004, shekara guda kafin Katrina, lokacin da jami'ai da yawa ba su gama koyonsa ba.

Ingila da Wales sun bi wata hanyar. Rundunoninsu 43 ne, kuma doka ta ba kowane kurtu ikon aiki a ko'ina cikin yankunan biyu, saboda haka babu buƙatar rantsar da baƙo. Dokar 'yan sanda ta 1996 ta tanadi yadda runduna ke ara wa wata jami'ai. Horon kwantar da tarzoma iri ɗaya ne, rukuni ma iri ɗaya: sufeto ɗaya, saje uku, kurata 18, da motocinsu. Wanda ya nemi rukuni goma ya san ainihin abin da zai iso masa. An gwada wannan a Agustan 2011, bayan 'yan sanda sun harbe wani mutum mai suna Mark Duggan a unguwar Tottenham ta Landan, tarzoma ta ɓarke ta bazu. A daren Litinin jami'ai 6,000 ne a titunan Landan, kuma abin ya fi ƙarfinsu. Daren Talata, 9 ga wata, an kai 16,000, da taimakon rundunoni daga sassan ƙasar, Landan ta lafa. A wannan daren ne wutar ta tashi a Manchester da Salford, ta ci gaba a Birmingham, inda aka kashe mutum uku da mota suna gadin shagunan unguwarsu. Duk jami'in da aka kai wani wuri, wani wuri aka rage, shi ya sa ake buƙatar mai kallon ƙasar gaba ɗaya. A 2013 aka kafa cibiyar dindindin ta daidaita tura 'yan sanda tsakanin rundunoni.

Kyakkyawan tsari a takarda ma yana iya karyewa a wuyan mutum ɗaya. Daren 22 ga Mayu, 2017, ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe mutum 22 a zauren Manchester Arena. Jami'in da ke kan aiki a ɗakin umarnin 'yan sanda kira ya yi masa yawa, layinsa bai shiga, muhimmin matakin da ya ɗauka kuma bai isa kunnen sauran hukumomi ba. 'Yan kwana-kwana, masu horo da kayan ɗaukar raunanan mutane, sai bayan fiye da sa'a biyu suka iso. Binciken da Sir John Saunders ya jagoranta kan harin ya bayyana wannan dalla-dalla a 2022.

Me ya haɗa wannan duka da Najeriya? A zahiri tsarin Najeriya kishiyar na Amurka ne. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce ga ƙasa baki ɗaya. 'Yan dokan En'e da dattawa ke tunawa an fara haɗe su cikinta ne bayan juyin mulkin 1966. Kofur ɗin Kano da aka kai Maiduguri ba ya buƙatar sabuwar rantsuwa. Sufeto Janar na iya ɗaga rukunin 'yan kwantar da tarzoma daga wannan jiha zuwa waccan da umarni guda. An ga ƙarfin wannan a zaɓen gwamnan Edo na 21 ga Satumba, 2024, inda rundunar ta sanar da tura jami'ai 35,000. Ƙasar ta iya kwasar mutane masu yawa in ranar sananniya ce.

Kwana 11 kafin wannan zaɓe, cikin daren 10 ga Satumba, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri mutane na barci. Ya shiga Kasuwar Litinin, ya shiga asibitin koyarwa, ya kai fadar Shehu. Katangar gidan gyaran hali ta faɗi, hukumar ta ce fursunoni 281 suka tsere. Namun dajin gidan zoo, har da kadoji da macizai, ruwa ya kwashe su. Sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan hukumar agajin gaggawa ta ƙasa NEMA da na hukumar agajin jiha da matasan gari masu kwalekwale sun ceci rayuka masu yawa, kuma sun cancanci addu'ar kowa. Amma duk tambayoyin New Orleans suna nan a wannan dare, sai dai iyakokin ba tsakanin jihohi suke ba. Suna tsakanin ɗan sanda da soja, da jami'in Sibil Difens, da na kiyaye haɗurra, da ɗan kwana-kwana, da ma'aikacin gidan yari, kowa da ubangidansa a Abuja. Gwamna ana kiransa shugaban tsaron jiha, amma sashe na 215 ya ba kwamishina damar neman a miƙa umarnin gwamna ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Lambobin kiran gaggawa da rundunonin jihohi ke rabawa jama'a galibi na wayar salula ne, kuma turakun salula da wuta da man dizal suke rayuwa, abubuwan da ambaliya ke fara kashewa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa, 112, tana nan, amma ita ma kan waɗannan turaku take hawa.

Yanzu kuma sababbin iyakoki na tsirowa. Jihohin kudu maso yamma sun kafa rundunar tsaro ta Amotekun a 2020. Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a farkon 2024. A Fabrairun 2024 shugaban ƙasa Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba kafa 'yan sandan jihohi. Muhawarar ta fi karkata kan tsoron kada gwamnoni su mayar da su sandar dukan abokan hamayya, da kan wa zai biya albashi. Tsoro ne mai tushe. Amma ba a cika jin wanda ke tambayar abin da zai faru ranar da Askarawan Zamfara suka biyo ɓarayin shanu ta dajin Rugu har suka tsinci kansu a ƙasar Katsina ba, ko ranar da ruwa ya ci hedikwatar wata jiha ta nemi maƙwabciyarta ta aro mata jami'ai 500. Amurka ta yi shekara 200 da rarrabuwarta kafin ta rubuta EMAC, kuma gawarwaki ne suka tilasta mata. Najeriya na da damar rubuta nata sashen a cikin dokar da za ta haifi rundunonin, ya faɗi wa ke da ikon nema, ko baƙo na da ikon kamu da zarar ya iso, wa ke tura shi aiki, wa ke biyan kuɗin abinci da mai, wa ke biyan matarsa in bai dawo ba. 'Yan majalisar da ke cikin wannan zaure su riƙe wannan a hannu.

Akwai kuma abin da ba ya jiran gyaran kundin tsarin mulki. Kowace shekara, tun kafin damina, hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da ruwaye ta NIHSA suna fitar da hasashe, har da sunayen ƙananan hukumomin da ambaliya ta fi yi wa barazana. Tsakanin fitar hasashen da watan Agusta akwai watanni. A cikinsu kwamishinonin 'yan sandan jihohi maƙwabta, ƙarƙashin mataimakin Sufeto Janar na shiyyarsu, za su iya zama da kwamandan soja da shugaban hukumar agajin jiha da mai kula da gidajen gyaran hali, su rubuta inda za a koma in hedikwata ta nutse, gidan yarin da za a kwashe fursunoni zuwa, rukunin da zai fara tasowa da hanyar da zai bi in babbar gada ta yanke, da layin oba-oba guda da kowa zai hau. Sannan a zaɓi rana ɗaya a watan Yuni, a kashe wayoyin salula na duk masu atisayen, a ga ko saƙo daga Damaturu zai isa Maiduguri, kuma cikin minti nawa.